Uwar Takin da Surukata Ta Ƙone

Ƙasar gidana a Belbeji rairayi ce. Ka zuba mata ruwa ta shanye, ka waiwayo kamar ba ka zuba ba. Ita mijina ya mutu ya bar mini, da awaki, da ɗa guda da ya rayu cikin waɗanda na haifa. Ban yi lakwal ba, ko ajin boko ban taɓa shiga ba. Tuwo na iya, shi nake sayarwa ranar kasuwa. Tuwo kuwa sai da miya, miya sai da ganye, ni kuma bayan ɗakina karangiya kaɗai ke fitowa.

Akwai wani tsoho mai garka a kwarin Tarka, duk kasuwa a wurina yake cin tuwo. Wata rana ya ga ina watsa shara a juji, ya ce, "Ke mai tuwo, abincin ƙasa kike zubarwa." Na ce, "Baba, in kana so kwashe." Ya yi dariya. Kasuwa ta zagayo, sai ga shi da gwangwani cike da wata baƙar ƙasa mai laima, tana ƙamshin ruwan farko. Ya ce sunanta uwa.

Ya sa na ɗauko tsagaggiyar randa. Abin da akuya ta ƙi, shi ake zubawa: ganyen shayi, ɓawon albasa, ɓawon gyaɗa, sai kashin awaki da ɗan toka. A barbaɗa uwa, a yayyafa ruwan ɗaurayar tukunya wanda sabulu bai taɓa ba, a juya da tsohuwar muciya, a rufe. In ta kama, ka sa hannu za ka ji zafi. Ya ce in na kwashe takin kada in kwashe duka, in rage, yadda Bafillatana ke rage tsohon nono ta zuba wa sabo. Daga baya wani malamin gona ya ce mini wasu ƙananan halittu ne a ciki masu cin sharar. Ni ban gan su ba. Na dai ga rama da yakuwa da kuɓewa sun tsaya a bayan ɗakina.

Da bazara ruwa yana wuya, na sha ma da ƙyar, balle na randa. Sai in ɗebi uwar in shanya a inuwa, don rana tana kashe ta. In gauraya da ɗan dusa, in ƙulle a tsumma, in saƙale a rufin ɗaki. Tana barci har damina ta matso. Shekaru ina haka. Tsohon ya rasu, uwar takinsa tana nan a hannuna.

Shekarar da ɗana ya yi aure, ɗakinsa ne sabo, rufinsa ba ya yoyo, sai na mayar da ƙullin can. Matarsa yarinya ce daga wani ƙauye kusa da Ollelewa, mai kunya, mai aiki. Ba ta taɓa ganin ina saƙalawa ba.

Bazarar da ta biyo haihuwarta, ciwon ƙirji ya kayar da ɗana. Na kai shi gidan likita a Tanut, muka daɗe, ita tana gida da goyo. Allah ya tashe shi, muka dawo yana tafiya da sanda, ƙashi da fata. Likita ya ce a dage masa da abinci, a yawaita ganye. Gajimare ya fara taruwa a gabas. Na huta kaɗan, na shiga ɗakinsu in ɗauko ƙullina. Na laluba, babu.

Tana bakin ƙofa tana murmushi. Ta ce, "Inna, ai na samo abin da ya kwantar da shi."

Na ce, "Me kika samo?"

"Ƙulli, Inna, daidai saman gadonsa. Baƙi ƙirin, har da wasu zare-zare farare kamar furfura. Allah ya isa ga wanda ya sa! Ko jira ban yi ba, na jefa a murhu. Kin ga ai ya tashi."

Na zauna a kan turmi. Na ce, "Allah ne ya tashe shi, da allura. Uwar takina kika ƙone."

Ta ce, "Taki yana da uwa?"

Na ce, "Ke daga sama kika faɗo?"

Ban zage ta ba. Mijinta take karewa, kuma ko ni na ga ƙulli a saman gadon mijina, murhun zan nufa. Amma ban iya rarrashi ba, na tashi na bar ta tsaye.

Na gwada ba uwa. Na cika randa, na yayyafa ruwa. Ta yi wari, ƙudaje suka cika gida, tsutsa ta fito, na sa hannu na ji sanyi kamar gawa. Na zubar, na sake, haka. Na san in ruwa ya sauka ba taki, bana ba rama ba kuɓewa, ga mai jinya a kwance. Surukata tana kallo. Ta tambaye ni inda na samo ta farko, na ce wurin wanda ke kabari.

Ranar kasuwa da safe na neme ta na rasa, ita da goyonta. Na ce shi ke nan, ta yi yaji saboda fuskata. Sai gab da magariba ta sauko daga amalanken mutanen Tarka, ƙafa duk ƙura, farce duk ƙasa, da kwano a rufe a kanta. Ta durƙusa ta ajiye a gabana. Na buɗe. Ƙamshin ne ya fara zuwa.

Ashe ta bi masu garka tana tambayar garkar tsohon da ke cin tuwon mai tuwon Belbeji, har aka kai ta wurin matarsa. Ramin takin ya daɗe ba mai kula da shi, samansa ya bushe kamar dutse. Ta ari hauya ta fasa, ta ci gaba da tono da hannu har ta iske baƙa mai laima a ƙasa.

Ta ce, "Tsohuwar tana gaishe ki. Ta ce wai ki daina ajiya a saman gadon maza."

Na ce, "Ta gama dariya dai?"

"Har da hawaye, Inna."

Muka wanke randa, muka cika, muka barbaɗa. Ba wanda ya san ko tana da rai. Kowace safiya in sa hannu in ji sanyi, in rufe. Sai wata safiya na fito na iske ta riga ni, hannunta a cikin randa har gwiwa. Ta ɗago ta ce, "Inna, zazzaɓi ya kama ta!"

Na sa nawa hannun. Zafi. Na ce, "Wannan zazzaɓin muke nema."

Takin ya makara, mun yi shuka bayan mutane. Kuɓewa ba ta yi abin kirki ba, amma rama da yakuwa sun yi, har muka busar. Ɗana ya ci, ya ajiye sanda. Ni ban iya godiya da baki ba. Akuyata ta haihu, na kama ƴar na ɗaure a ƙofar ɗakin surukata. Tsohuwar Tarka kuma na aika mata da busasshiyar rama da ƙwaryar gero.

Yanzu in bazara ta zo, ƙulli biyu muke yi, ɗaya a ɗakina, ɗaya a nata. Ita take shanyawa, ita take ƙullewa. Duk baƙuwar da ta shiga ɗakinta, kafin ta kawo mata ruwa sai ta nuna rufi ta ce, "Wancan na Inna ne. Kada ki taɓa."