Baba Badaru, Maginin da Ke Ɗanɗana Ƙasa

Da an sallame sallar asuba a Runka, kowa ya kama gabansa, sai Baba Badaru magini ya saɓi diga ya nufi kududdufi. Kafin ya sara, sai ya tsuguna ya ɗebi ƙasa, ya murza, ya sansana, ya kai baki. Masu wucewa kan tsokane shi: "Baba, a kawo miya ne?" Sai ya tofar ya ce, "Ku dai ku yi dariya. Ƙasa ma hali gare ta." Jar ƙasa mai danƙo ita ce ta tubali. Mai yashi da yawa ba ta da amana, ruwan farko za ta zube. Mai kanwa-kanwa kuwa daga gindi take cin bango, maigida na ciki yana minshari.

Bana gwiwa ta ƙi, ya jingine diga. Shi ya sa na ce bari a faɗi alherinsa tun yana ji da kunnensa.

Bara waccan, mutanen wani ƙauye yamma da Runka suka koma gida bayan 'yan bindiga sun tashe su. Kango suka tarar, ciyawa ta cinye hanyoyi, ko carar zakara babu. Cikinsu akwai Turai, wadda aka kashe mijinta Mani ranar harin. Waɗanda suka binne mamatan a gurguje suka yi, su ma suka tsere, damina ta bi ta shafe wurin. 'Yan uwanta suka yi gayya, suka haƙi ƙasa a bayan gari inda ta fi laushi, suka tayar mata da ɗaki ita da 'ya'yanta.

Ba a daɗe ba bangon gabas ya soma abin da ya ɗaure wa kowa kai. Ko iska babu, sai a ji garin ƙasa na zuba daga jikinsa, shuuu, kamar mai sauke numfashi. Tsaga ta kama daga ƙasa tana hawa. Awaki na bin inuwar kowane bango, ban da wannan. Aka ce iskoki ne, aka yi hayaƙi, aka yi tofi, bango bai fasa ba. Ga hadari ya fara leƙowa. Sai yayan Turai, Jafaru, ya hau babur ya ɗauko Baba.

Da azahar suka iso, garin tsit. Baba ya kankari bangon da farce, ya ga ja da baƙa sun cakuɗe, alamar an taɓa haƙa ƙasar an mayar. Ya kai baki, ya ji ba danƙo, sai ɗanɗanon ruɓaɓɓen itace. Ya ƙara tonawa, sai ga tsingaro a cikin tubalin. A wajenmu da itace da fasassun tukwane ake rufe kabari kafin a tura ƙasa, kowa ya sani, amma wanda ya dawo gida bai da makwanci, ba ya duba abin da ke bakin diga. Ranar Baba bai tofar ba. A tafin hannu ya mayar da ƙasar bakinsa, ya shafa ta a jikin bangon.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Jafaru, kai ni inda kuka haƙa."

Da suka dawo ya tsuguna nesa kaɗan da Turai, ya faɗa mata gaskiya: da ƙasar kaburburan waɗanda aka kashe aka yi ginin. Ta miƙe ta nufi ɗakin. Ta ɗora tafinta a bangon.

"Baba, tun da muka gudu ban san barcin kirki ba sai da na jingina da bangon nan. Ashe shi ya sa. Don Allah kada ka rushe mini."

Wallahi Baba ya ce bai taɓa jin nauyin magana irin na ranar ba.

"'Yar nan, ƙasar nan tana da masu ita. Mayafinsu muka yaye. Ruwan farko za ta koma inda ta fito, ke da yaran Mani kuna ƙarƙashi. Bari mu mayar musu da hannunmu."

Ta janye hannunta, ta shiga ta fito da tabarmi.

Kai ne, Baba, ka hana a sa diga. Tubali ɗaya-ɗaya ka sauke da hannu, aka kwashe a ka aka mayar, liman na addu'a. Kai ne ka kewaye wurin da gajeren bango na jar ƙasa, ka shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin gini. Sannan ka tayar wa Turai sabon ɗaki da ƙasar da ka ɗanɗana da bakinka, aka ɗora azara hadari na gangami. A bangon da ke kallon makabartar ka bar 'yar taga. Ba ta ma roƙa ba. Har yau a ƙarƙashin tagar take shimfiɗa.

Mun gode, na Runka, mai suturta rayayye da matacce. Allah ya ba gwiwa lafiya, ya gina maka naka inda gini ba ya tsagewa. Ku kuma samarin da suka gaji digarsa, garuruwanmu da yawa na jiran a sake tayar da su. Kafin ku sara, ku tsuguna tukuna, ku duba ko ƙasar tana da masu ita.