Hular da Na Ce Ɗansa Ne Ya Karɓa

Akwai wata magana guda ɗaya da na faɗa wa wani dattijo a bakin rumfata, wadda da ana sayen jiya da na sayar da duk abin da na mallaka don in goge ta. Yau furfura ta cika mini gemu, ban taɓa iya gaya wa kowa ba, ko uwar 'ya'yana. Shi ya sa na rubuto muku. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da yadda zan zuba shi.

A wancan lokacin ni mai wankin hula ne a gefen Kasuwar Kwastam. Duk wanda ya san Maiduguri ya san hula ba abin wasa ba ce a garin nan. Mutum zai kawo maka hular Bama wadda aka yi watanni ana ɗinkinta, ya ajiye maka ba takarda ba shaida, ya tafi abinsa. Ka wanke, ka sa sitaci, ka ɗora a kan ice ta sha rana, ka buge ta. Sana'ar gaba ɗaya a kan amana take tsaye. Kuma ina da ido a kan zane, har abokan aiki suna yi mini kirari da shi. In ka nuna mini rabin hula zan faɗa maka yadda ɗaya rabin yake, domin zanen hula zagayawa yake yi ya dawo inda ya fara.

Wannan idon ne ya kai ni ya baro. A wani lungu bayan rumfunanmu akwai 'yar rumfar loto, inda ake rubuta lambobin da suka fito a kan allo, na makonnin baya a sama, na jiya a ƙasa. Ban shiga don in yi caca ba, inuwa na shiga nema. Amma da na tsaya ina kallon allon sai na ga kamar hula ce aka shimfiɗa mini. Na ga wata lamba in ta fito, bayan 'yan kwanaki sai juyinta ya biyo, ashirin da bakwai ta jawo saba'in da biyu. Na ga wasu suna tafiya tare kamar tagwaye. Masu zama a wurin suna cewa lambar da ta daɗe ba ta fito ba ta nuna, kamar mangwaro, sauran kawai ta faɗo. Na gwada da ɗan abin da ke aljihuna, sai na ci. Wallahi da na faɗi a wannan rana da Allah ya rufa mini asiri. Mai rumfar ya riƙa kirana malamin lissafi yana dariya, yana cewa irina su ne za su rufe masa kasuwa. Ban lura ba cewa wanda ake shirin rufe wa kasuwa ba ya dariya haka.

Daga nan sai faɗuwa. Kullum in na faɗi sai in koma gaban allo in gano inda na yi kuskure, in ce zanen daidai ne, ni ne na karanta shi ba daidai ba. Da aljihu ya bushe sai idona ya koma kan hulunan mutane. Akwai wani mai sayar da hulunan gwanjo a Kasuwar Litinin da yake karɓar jingina. Sai in ɗauki hular wanda na san ba zai dawo da wuri ba in kai masa, in na sami ciniki in je in fanso. Sau da yawa na yi haka ba wanda ya sani.

Cikin masu kawo mini wanki akwai wani dattijo daga Moduganari, Baba nake ce masa. Hula ɗaya tak yake kawowa, duk lokacin da salla ta gabato. Ta ɗansa ce, wanda ya fita da kaya zuwa ƙauye a shekarun tashin hankali, bai dawo ba, ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba. Mahaifiyar yaron ce ta ɗinka masa ita da hannunta kafin ta rasu, don haka babu irinta biyu. Baba yakan ce mini in wanke ta da kyau, kada yaron ya dawo ranar salla ya tarar da ita da ƙura ya ce tsohon nan ya yi sakaci. Yana faɗa yana murmushi, mu kuma sai mu sunkuyar da kai.

A wata shekara akwai lambobi biyu da na daɗe ina bi, duk lissafina ya nuna ranarsu ta zo. Hulunan da ke hannuna duk na masu gaggawa ne, ban da ta Baba. Na riƙe ta a hannu na daɗe, sannan na naɗe ta a leda na hau keke zuwa Kasuwar Litinin. Lambobin ba su fito ba. Kafin in haɗa abin fansa, mai gwanjo ya sayar da ita. Ya ce kasuwar salla ce, shi ba ma'ajiyi ba ne, kuma bai san wanda ya saya ba.

Na riƙa ja wa Baba rai, yau in ce ba ta bushe ba, gobe in ce ba a buge ta ba. Sai wata rana da azahar na hango shi yana tahowa da sauri, ba sanda. Ya kama hannuna ya ce ya ga hular a kan wani saurayi cikin cunkoson kasuwa, ta bayansa ya hango shi, ya yi ta kira amma mutane suka shiga tsakani. Ya dube ni da idanun da ban taɓa ganin irinsu ba, ya ce don Allah, ɗana ne ya zo ya karɓa? Abokan aikina suna zaune suna ji. In na faɗi gaskiya sana'ata ta mutu a ranar. Sai na ji bakina yana cewa e, wani saurayi ya zo ya ce tasa ce, na ba shi.

Baba ya zauna a ƙasa yana hamdala yana kuka. Ni na ɗauka na tsira. Amma tun daga ranar bai ƙara zaman gida ba. Kullum sai ya zagaya kasuwanni cikin zafin rana yana leƙa kan samari, har wasu suka fara cewa ya taɓu. Da yamma ya biyo ta rumfata ya tambaya ko yaron ya sake zuwa. Murnar ba ta daɗe ba ta juye masa. Ya fara tambayata me ya yi wa ɗansa, da zai shigo gari har ya karɓi hula amma ya ƙi taka ƙofar gidan ubansa. A da jira kawai yake yi da zuciya fara. Ni na ɗora masa zargin kansa. Ina kallo yana ramewa, kuma duk ranar da na yi niyyar faɗa masa sai in ga ƙaryar ta yi girman da ba zan iya ɗaga ta ba.

Da ciwo ya kwantar da shi ya aika a kira ni. Na same shi a kan tabarma, muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce in sake faɗa masa yadda yaron yake, ko ya rame, ko ya tambayi lafiyarsa. Na ƙaga masa amsa. Sannan ya bar mini saƙo, ya ce hula dole ta yi dauɗa, yaron zai dawo wurina, in gaya masa ubansa ya yafe masa, shi ma ya yafe wa ubansa ko mene ne. Ya sa mini albarka, ya ce ni mutumin kirki ne. Ina cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa.

Na daina caca, amma saƙon yana nan a wuyana, ba ni da wanda zan ba wa. Abin da na gane, a makare, shi ne zanen hula hannu ne ya yi shi da nufi, shi ya sa yake maimaituwa. Lambar loto ba ta san abin da ya fito jiya ba. Zanen da kake gani a cikinta kwaɗayinka ne ya zana shi. Yanzu ina ganin samari a cikin keke da bakin shaguna, kai a sunkuye kan waya, suna cewa sun gano yadda lambobi suke tafiya. Ina roƙonku don Allah, duk wanda ya ji a ransa cewa shi ya gano, ya tashi daga wurin tun abin da zai rasa nasa ne, kafin hannunsa ya kai kan amanar wani.