Habu Rewaya da Motar Mutumin Toranke

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi ne, ina kwance a ƙarƙashin wata motar haya ina ɗaure salansa, sai na hangi ƙafafun Musa, babban ɗan Malam Habu, sun tsaya a gefen motar. Da na fito na ga idanunsa, ban buƙaci ƙarin bayani ba. Ya ce, "Baba Isa, Allah ya yi wa Baba rasuwa." Ciwon ƙirjin da ya kwantar da shi tun farkon damina, shi ne ajalinsa.

Ni bakanike ne, shi kuma mai gyaran wutar mota, shi ya sa direbobi suke ce masa Habu Rewaya. Rumfarsa tana jikin tawa a garejinmu na Gaya, a nan muka yi furfura tare. Don haka abin da zan faɗa a kansa, da idona na gani.

Malam Habu ba ya gaggawa, kuma mun sha yin saɓani a kan hakan. Direba yana ta tsaki fasinja na jiransa, shi kuwa yana bin waya ɗaya bayan ɗaya. In an matsa masa sai ya ce, "Ba na cire abin da ban gwada ba." Bai taɓa yarda ya ɗaura waya a gurbin fiyus ba, ko da za a yi fushi a tafi. Yakan ce, "Fiyus ɗin nan ya ƙone ne don kada motarka ta ƙone da kai."

Akwai ranar da ba zan manta ba. Wani direba mai suna Sale, mutumin Toranke da ke jigila tsakanin Ajingi da Gaya, ya shigo garejin ransa a ɓace. Fitilun dashbod ɗinsa suna ta ƙyaftawa, su yi haske su dushe, musamman in ya shiga gargada. Ya ce abin ya fara ne bayan ya ara wa ƙanensa Auwalu motar ya kai matarsa asibiti. A ganinsa Auwalu ya cire masa altaneta mai kyau, wato injin da ke cajin batir, ya sa masa tsohuwa. Har ya rantse ƙanen ba zai ƙara taka ƙofar gidansa ba, mahaifiyarsu tana kuka bai saurare ta ba.

"Malam, ka kwance altanetar kawai in kai masa abarsa," in ji Sale.

Malam Habu ya ce, "Tayar da motar tukuna."

Ya ɗora mitarsa a kan batir, ya sa aka taka totur, ya ga caji yana shiga daidai. Ya murɗa kawunan batir, suna nan a ɗaure gam. Ya kunna fitilun gaba, ƙyaftawar ta ƙaru. Sai ya juyo gare ni ya ce, "Malam Isa, ɗan girgiza mini motar." Ina girgizawa, fitilun suka hau rawa. Nan ya gane wani abu ne ya saki. Ya bi baƙar waya mai kauri da ta taso daga batir zuwa jikin mota, ya tarar da nocin da ya riƙe ta ya ci tsatsa, bakin wayar ya ruɓe saura 'yan sili kaɗan.

Ya kira Sale ya ce, "Zo ka taɓa da hannunka. Wannan tsatsar ta sha damina ba ɗaya ba, ta girmi aron da ka ba ƙanenka. Dubi kuma nocinan altanetarka, da tsohon dattinsu, sifana ba ta hau su ba."

Ya yanke ruɓaɓɓen bakin, ya goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya fito fes, ya sa sabon noti, ya shafa giris. Aka tayar da mota, na sake girgiza ta iya ƙarfina, fitilu suka tsaya cak.

Sale ya kama ƙofar motar zai shiga. Malam Habu ya dafa ƙofar ya ce, "Aikin bai ƙare ba. Kira Auwalu a nan."

"Malam, da wane bakin?"

"Da wanda ka zarge shi da shi."

A gabanmu ya kira shi a waya, ya nemi gafara. Bayan 'yan kwanaki su biyun suka zo a motar, da ƙwaryar gyaɗa daga mahaifiyarsu. Malam Habu ya raba wa 'yan gareji, bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya. Haka yake: in ya tabbatar da abu zai faɗe shi a gaban kowa, in bai tabbatar ba kuwa ba za ka ji daga bakinsa ba.

Ya Allah, ga bawanka Habu ya zo gare ka. Mun shaida ya riƙe amanar dukiyar mutane, ya kuma gyara tsakanin 'yan uwa. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba iyalinsa haƙurin wannan rashi, ka yi wa Musa da ƙannensa albarka, ka zama gatansu. Mu da muka rage a garejin, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.