Mililita Talatin da Shida

A shekarata ta biyu ina koyar da kimiyyar sinadarai a wata sakandare a Haɗeja, aka ce in zaɓi ɗalibi ɗaya da zai wakilce mu a gasar kimiyya. Na ce gwaji ne zai raba gardama. Kowa zai jefa guntun ƙarfen magnesiyam cikin asid, ya tara iskar haidurojin da ta fito a silindar awo, ya rubuta abin da ya gani. Na sa a allo cewa nauyin kowane guntu giram 0.048 ne, wato mol 0.002, wanda a lissafi zai ba da mililita arba'in da takwas.

Da na karɓi takardu, kowa ya rubuta arba'in da takwas cif, sai wata yarinya 'yar garin Guri da ta rubuta talatin da shida. Ita na fara zargi.

"Ke, kin bar iskar ta zurare ne?"

"Wallahi Malam, sau biyu na yi. Abin da ya fito ke nan."

Har na ɗauki jan biro, sai na tsaya. Robobinmu da iskar ke bi duk sun tsufa, wasu marufan ma da leda muke ɗaure su. Ta yaya ajin gaba ɗaya zai dace da littafi, ba ragi ba ƙari?

Na sami dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, tsohon masunci ne.

"Baba, da wane sikeli ka auna guntayen nan?"

"Sikeli? Ai tun ambaliyar bara ya sha ruwa, Malam. Yatsa biyu na yi wa kowanne, kamar idon koma. Yatsana bai taɓa cin amanata ba."

Na kwashi guda goma da suka rage, na kai wa wani mai sayar da zinariya a kasuwa ya ɗora a sikelinsa. Giram 0.36. Kowanne 0.036 ke nan, mol 0.0015, mililita talatin da shida.

Washegari na tambayi ajin wa ya karanta silindarsa da idonsa. Can wani daga baya ya ce, "Malam, mun ɗauka silindar ce ta yi kuskure."

Sunan yarinyar na miƙa wa shugaban makaranta kafin azahar.