Albasar Malam Sha'aibu

Malam Sha'aibu ya yi shekara talatin da biyu yana buga takardu a wani ofis a Sakkwato. Da ya yi ritaya sai ya kwaso matarsa Safiya da katifu biyu ya dawo Dandin Mahe, wai a ƙasar ubansa yake so a rufe shi. Gidan hayar birni ya riga ya mayar da makulli, ba shi da wurin komawa can sai ɗakin zauren ɗansa.

Makonnin farko yawo ya yi ta yi. Kullum da hantsi ya rataya gorar ruwa, ya bi gonaki, yana tambayar sunan kowane icce kamar baƙon Bature. Har Shagari ya taka da ƙafa ranar kasuwa. A wannan yawon ya gano fadamar ubansa, wadda ni nake nomawa aro tun kafin in aurar da ɗiyata ta fari. Ya karɓi abinsa da murmushi da godiya. Haƙƙinsa ne, ban musa ba, amma wallahi na ji zafi, kuma ban yafe ba.

Ya dasa albasa. Mutumin akwai ƙwazo, ba zan yi masa ƙarya ba, kan albasarsa ya fi na kowa girma a layinmu. Da zafi ya shigo, ganye ya fara kwanciya. Ko jariri a garin nan ya san ma'anar wannan: albasa ta nuna, a ɗauke mata ruwa mako biyu ta bushe kafin a cire. Shi kuwa ya ɗauka ƙishi take ji. Ya tayar da inji, safe da yamma yana kwarara mata ruwa.

Ya tsayar da ni a bakin kwalbati ya ce, "Malam Nura, mi ka gani? Ganyen nan duk ya kwanta."

Na ce, "Sannu da aiki, Malam. Allah shi ba da yalwa."

Na wuce. Da yamma a majalisa na ba da labari, aka yi dariya har da riƙe ciki, kuma ba wanda ya je ya faɗa masa.

Ya cire ta jiƙe sharkaf, ya jibge a rudu, rumfar karan da muke ajiye albasa a jira tsada. Kwana ashirin wari ya hana Safiya girki a tsakar gida. Da amalanke aka kwashe ruɓar zuwa bayan gari.

Asarar nan ta sa ya haƙura da zaman ƙauye. Ranar da motar kaya ta zo mayar da su birni, ya shigo zaurena ya riƙe hannuna da hannu biyu. Ya ce cikin duk garin ni kaɗai ne ban taɓa wuce shi ban yi masa addu'a ba, don haka fadamar ni ya bar wa amana.

Na ce masa Allah shi kiyaye hanya, na taya shi ɗora katifa.