Dakta Kuburat da Filin da Ta Hana a Gina

Idan an kwana ana ruwa a Jos, kada ka nemi Dakta Kuburat Raimi a ofis da safe. Tana can cikin lungunan Ali Kazaure ko gangaren Abattoir, da takalmin roba a ƙafa da alli a hannu, tana ja wa katangu layi daidai inda ruwa ya tsaya. Mu ɗalibanta na nazarin birane muna biye da ita muna ƙunƙuni. Shekara talatin da uku ta yi a haka, watan jiya kuma ta yi ritaya daga jami'a ko farfesa ba ta zama ba. Wallahi abin ya ƙona min rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Ƙa'idarta ɗaya ce: ba a zana taswirar unguwa sai an taka ta da ƙafa, an gaida tsofaffinta. Ka kawo mata aikin da ka haɗa a kwamfuta kawai, sai ta dube ka ta saman tabarau ta tambaye ka sunan mai ƙosan bakin layin. Ba ka sani ba? To, koma.

A gabana aka yi lamarin wata unguwa da ke bayan Anguwan Rukuba. Mutanen wurin, Musulmi da Kirista, sun haɗa kai za su gina wa 'ya'yansu firamare a wani fili shimfiɗaɗɗe kamar faranti. Hoton tauraron ɗan'adam ya nuna komai lafiya lau, har an sauke bulo. Shugaban kwamiti, Baba Datong, ya gayyaci Dakta don ta sa albarka kawai. Ita kuwa sai ta wuce rumfar taro, ta je ta durƙusa wajen Iya Ladi, wata tsohuwa da ta yi wankin kuza tun tana budurwa. Iya Ladi ta ce ai nan ramin kuza ne mai zurfi, a idonta aka cike shi da shara da jar ƙasa. Babu wanda ya taɓa tambayarta.

Kwana uku Dakta ta yi tana tonon tsofaffin hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a zamanin haƙar kuza, har ta gano ramin. Ta dawo ta ce a dakata. Ranar ta sha magana! Wani ya ce 'yan boko ba su iya komai ba sai hana ruwa gudu, wani ya rantse turo ta aka yi don a ƙwace filin. Baba Datong ya tuna mata cewa kullum yaran nan sai sun tsallake babban titi kafin su kai makaranta.

Ta ce, "Baba, na sani. Amma ba da yawuna za a ɗora yara ɗari uku a kan bola ba. Ku ba ni damina ɗaya."

Da ƙyar suka ba ta, ba don sun yarda ba. A watan Agusta tsakiyar filin ya rufta, bulon da aka jibge a wurin ya nutse har ba a ganin samansa. Baba Datong ya zo ofis da hularsa a hannu. Ita kuwa sai ta shimfiɗa taswira ta nuna masa wani tudu mai dutse a ƙarƙashi, tafiyar minti biyar daga filin. Makarantar tana can yau.

Mama Kuburat, ke ce kika koya mana cewa abin da tsohuwa ta gani da idonta ilimi ne, ko da ba ta iya rubuta sunanta ba. Ke ce kika yarda a zage ki damina guda, ba ki rama ba, ba ki kuma janye ba. Ku da kuke rabon filaye daga kan kujera, ku sauko ku taka ƙasa, ku yi tambaya yadda take yi.

Mun gode, Mama, Allah Ya ba ki lafiyar hutawa. Yaran makarantar ba su san sunanki ba, amma kullum da azahar dukkansu suna komawa gida.