Kulas ɗin jirgin Mushe Idi

Ko na manta sunan jikokina, ban taɓa mantawa da ranar da Mushe Idi ya shigo garajinmu na Wadata da injin ƴar motar nan da ake kira kunkuru a amalanke ba. Tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, da ya aje aiki, shi ya sa muke ce masa Mushe, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci. Ya ce jirgin sama yake ƙerawa a gidansa na Koira Kano, ni kuma in zaɓa masa kulas da supap.

Ga waɗanda ba makanikai ba, kulas shi ne murfin kan inji inda wuta ke ci, supap kuma ƙofofin da ke shigar da iska su fitar da hayaƙi. Ni da lakwal ta kora tun ban iya rubuta sunana ba, abu ɗaya na sani: babban supap, babban ƙarfi. Na sauka kasuwar Katako, wani Bazabarme ya yi mini fofo, gaisuwarsu ke nan, ya ɗauko kulas biyu masu manyan supap. Ɗaya na da ƴar tsaga tsakanin ƙofofin. Ya ce, "Baba, wannan za ta kai ka gida." Na ce haka muke faɗa mu ma.

Na saya na kai wa Mushe, ya juya kayan, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Baba Sani, in kun gyara mota, wa ke fita gwaji?"

Na ce, "Wanda ya gyara mana, mai mota na gefensa. Al'adar garaji ce."

Ya ce, "Madalla. Jirgin kujera biyu gare shi."

Jama'a, ni ko tsani ba na hawa sai da addu'a. Na tuna a sama babu bakin hanya da za ka faka ka jira inji ya huce. Na ce, "Mushe, ba ni kayan nan, na ga kamar launinsu bai yi ba."

A karon nan na zauna na saurare shi. Ya ce farfela, fankar da ke jan jirgi, ba ta son inji mai gudun tsiya, juyi take so a natse, kuma ba hutu. Don haka ƙananan supap sun isa, sun kuma bar naman ƙarfe mai kauri tsakanin ƙofofi, inda zafi ke tsagawa. Na koma Katako na birkice rumfuna har na samu kulas marasa tabo. Supap na hayaƙi sababbi na sa. Na kifa kulas, na zuba esansi, man mota, a ciki, ko ɗigo bai zurara ba.

Bayan damina muka ɗaure jirgin a gindin bishiya, inji ya yi ta ruri, bai yi tari ba. Yanzu izinin hukuma muke jira.

Ku yaran garaji, duk motar da kuka taɓa, ku ɗauka akwai kujerarku a ciki. Tawa dai tana nan, Mushe har matashi ya sa mata. Na ce ya ƙara da igiyar ɗaure ni a kanta.